Lamba Goma

Saura minti huɗu a tashi, ɗaya da ɗaya.
Ruwan Kumasi ya mai da filin jami'a taɓo,
ƙwallo ta zo ƙafata kamar ta san gida.
Boakye na hagu shi kaɗai, hannu a sama,
yana ƙwala mini kira: Mutari! Mutari!
Na ji shi.
Kada wani ya ce ban ji ba.

Amma akwai wani a layin kujeru na uku,
farar riga, ɗan littafi, biro a baki,
tun safe ake raɗa daga Akara ya zo
neman ƙafar da za ta ƙetare teku.
Na ce bari in yanke ɗaya. Na yanke shi.
Na ce bari in ƙara.
Na biyun bai yanku ba.

Daga nan taɓi uku ne kawai:
wannan ya ba wancan, wancan ya ɗaga kai ya narka,
jiƙaƙƙiyar ƙwallo ta suɓuce wa Tahiru,
ta mirgina sannu, kamar tsohuwa za ta barka,
ta kwanta a raga.

Ido na ƙarshe yake riƙewa.
"Kwando ne, ba gola ba!"
"Hannun kuɓewa!"
Suka jefe shi da ledar ruwa,
Tahirun da ya kaɗe shida kafin wannan,
ɗaya da haƙarƙari, ɗaya da fuska.
Ya cire safar hannu da haƙora, bai ce uffan ba.

Koci Ofori ya dafa ni: "Kai ka yi ƙoƙari."
Na ce na gode.
Wallahi na buɗe baki na ce na gode.
Boakye na kwance igiyar takalmi,
ya dube ni sau ɗaya, ya koma kan igiyarsa.

A turoturo zuwa Aboabo aka kafa kotu,
yaron mota na karɓar kuɗi yana ba da shaida,
direba ya yanke hukunci kafin mu kai kwana.
Ni ina kujerar baya, rigar a ƙasan jaka,
ƙyallen kyaftin a aljihu yana cin cinyata
kamar garwashin da aka manta.

Inna ta zubo shinkafa da wake, har da ƙwai:
"An ci ku? Gobe ma rana ce."
Na lallashi kaina da lissafi,
ai mu goma sha ɗaya ne, ai 'yan baya sun yi barci,
ai alƙali ya hana mu fanareti.
Duk gaskiya ne, kuma loma ta ƙi wucewa.
Laifi tudu ne, na hau nawa na zauna
ina leƙen na mutane.

Bayan isha'i na taka zuwa Asawase.
Na same shi bayan shagon ɗinkin babansa,
tsugune gaban bokiti, yana wanke safar nan,
leɓensa a kumbure.
Na ce, "Ni ne."
Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani.
Daga bakin raga duk filin ake gani."

Na tsaya. Janareto na kuka a maƙwabta.
Ya ce, "Mai farar rigar kuwa ɗan kwangila ne,
magudanar ruwa ya zo aunawa."
Dariya ta kama shi har leɓen ya sake fashewa,
ni na rasa inda zan ajiye fuskata.

"Talata akwai atisaye," in ji shi,
"can za ka faɗa, gaban koci, gaban yara,
da muryar da kake neman ƙwallo da ita."
Ya miƙo mini safa ɗaya.
Na matse ta, ruwan ya fito ja da ƙasar fili,
na sake tsomawa.